Ku Yi Maganar Rabo Tun Ba a Fara Liƙi Ba

Ƙannena masu sha'awar waƙa a garin Bauchi, da ku nake. Yanzu da wuya mutum ya zaga Yelwa, ko Gwallameji, ko layukan bayan Wunti bai ci karo da samari uku ko huɗu da suka haɗa kai suka raɗa wa kansu suna ba. Wannan yana da kwamfutar haɗa kiɗa, wancan ya koyi fiyano a coci tun yana ƙarami, ɗaya ya iya tsara baiti, na huɗun kuma wayarsa ce mai kyamara mai kyau. Wasunku ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wasu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wasu kuma yaran shago ne a kasuwar Muda Lawal da ke tara kuɗin situdiyo daga ɗan abin da maigida ke sallamar su da shi. Ba zan shiga muhawarar ko ya dace ɗan mutunci ya yi waƙa ba. Wannan tsakaninku ne da iyayenku da malamanku, kuma su ne suka fi ni hurumi a kai. Kun riga kun shiga, don haka maganata a kan abin da ke wargaza irin tafiyarku ce.

Yunwa ba ta cika raba ƙungiyar waƙa ba. Lokacin da babu ko sisi, ana raba garin kwaki a kwano ɗaya ana dariya, a hau acaɓa ɗaya mutum uku a tafi situdiyo. Ranar da ake ɓatawa ita ce ranar da kuɗin farko mai kauri ya shigo: wani attajiri ya kira ku bikin 'yarsa, ko waƙa ta yi tashe a TikTok, ko ɗan siyasa ya aiko a yi masa waƙa. A ranar ne mai rera waƙa zai tuna cewa muryarsa ake ji, mai kiɗa ya tuna shi ya kwana bai runtsa ba yana gyaran sauti, mai rubutu ya tuna baitin da jama'a ke maimaitawa nasa ne. Kowa kuma yana da gaskiyarsa. Matsalar ita ce ba a taɓa zama an yi maganar ba, saboda ana jin kunya, saboda ana ganin abota ta wuce a yi lissafi.

Magabatanku a wannan sana'a ba su bar abin a haka ba. Ku dubi ƙungiyoyin makaɗan fada irin ta Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, ko ta Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ko kuma tawagar Mamman Shata da ya rasu a 1999. Idan kun saurari faifansu da kunnen basira za ku ji ba mutum ɗaya ke aikin ba. Akwai jagora mai jefa baiti, akwai 'yan amshi da ke karɓa su ƙarasa masa zance tun bai rufe baki ba, akwai masu kotso ko masu kalangu, akwai sanƙira mai kirari da sanar da kyauta. Waƙar Ɗanƙwairo in an cire amshin, rabinta ya tafi. Shi kansa bai fara da jagoranci ba. A ƙarƙashin yayansa Kurna ya yi amshi har muryarsa ta fito da shi, kuma bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan.

A irin waɗannan ƙungiyoyi kowa ya san matsayinsa tun kafin ya rataya ganga. Abin da aka samu a wurin wasa hannun jagora yake zuwa, shi ke rabawa gwargwadon girma da daɗewa. Babbar kyauta, doki ko babbar riga ko mota, tasa ce. Amma nauyin yaransa ma yana wuyansa: ci da sha a kan hanya, suturar salla, hidimar aure da ta suna, magani in ciwo ya zo. Ban ce tsarin adalci ne tsantsa ba. Ku tambayi duk wanda ke cika baki da son Shata ya kawo muku sunan makaɗansa biyu, za ku ga ya fara sosa ƙeya. Mutanen da suka yi shekaru suna matse kalangu a hammata har fatar wurin ta yi kanta, yawancinsu sunansu bai fita daga da'irar masana ba. Duk da haka ƙungiyoyin sun yi shekaru gommai suna tafiya, domin wanda ya shiga ya san abin da ya shiga. Wanda bai yarda ba sai ya yi kamar Ɗan Maraya Jos, ya ɗauki kuntiginsa shi kaɗai, ba mai cewa an cuce shi a rabo.

Sai fiyano ta zo. Daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, situdiyo irin ta Iyan-Tama suka nuna cewa mutum ɗaya da na'urar Yamaha zai iya fitar da sautin kalangu da algaita da sarewa ba tare da ya tara makaɗa ba. Aiki ya yi sauƙi, kuɗi ya ragu, kuma mun samu mawaƙa masu daɗin murya da yawa ta wannan hanya. Amma ƙungiya ta mutu a cikinta. Mawaƙi ya biya mai kiɗa kuɗin zama, ya biya 'yar amshi nata, ya ɗauki waƙarsa ya tafi, shi ke nan an rabu. Saboda haka ku da kuke son ku tafi tare a matsayin tsararraki, babu ubangida babu yaro, kun ɗauko abin da ba Ɗanƙwairo ba, ba kuma Kannywood ba, babu wanda ya bar muku ƙa'idarsa. Dole ku tsara taku.

In kuna zaton amana da shaƙuwa za su wadatar, ba sai kun je nesa ba. A Jos, nan kusa da mu, tagwayen nan Peter da Paul Okoye suka tashi, suka zama P-Square, suka cika filayen wasa a faɗin Afirka. Ciki ɗaya suka fito, rana ɗaya, amma batun kuɗi da tafiyar da harka ya raba su a 2017. Sun shirya a 2021, ba a jima ba rigimar ta sake dawowa a bainar jama'a. Kafin su, Plantashun Boiz sun watse a 2004, kuma gardamar wa ke da hannu a rubuta waƙar African Queen tsakanin biyu daga cikinsu, 2Face da Blackface, ta ci shekara fiye da goma tana tashi tana kwanciya a jaridu. Ba ina raba musu gardama ba ne, ban san cikinta ba fiye da abin da kowa ya karanta. Abin lura shi ne, da an rubuta takarda guda ranar da aka yi waƙar, da ta rage surutun.

Yanzu bari in kai ku wata ƙasa mai sanyi, Kanada, in nuna muku waɗanda suka yi akasin haka. A garin Halifax, a 1991, samari huɗu suka kafa ƙungiya mai suna Sloan: Chris Murphy, Patrick Pentland, Jay Ferguson da Andrew Scott. Ba su kai shaharar manyan taurarin Amurka ba, kuma na tabbata yawancinku ba ku taɓa jin ko waƙarsu ɗaya ba. Ba kiɗansu nake tallata muku ba, tsarinsu ne abin dubawa. Dukkansu huɗun suna rubuta waƙa, kuma wanda ya rubuta shi ke rera abinsa, har mai ganga yakan tashi ya karɓi jita wani ya zauna a mazauninsa. Kuɗin da ya shigo kuwa gida huɗu ake raba shi daidai, ko waƙar wa ce ta fi kasuwa a wannan shekarar.

Da wuri wani babban kamfanin Amurka, Geffen, ya ɗauke su. Da suka fitar da kundinsu na biyu, Twice Removed, a 1994, kamfanin ya ga ba irin sautin da kasuwa ke so ba ne a lokacin, sai bai tsaya masa da talla ba. Abin ya karya musu gwiwa har suka kusa watsewa. Abin da ya cece su shi ne tun a 1992 sun kafa ɗan ƙaramin kamfanin kansu, Murderecords. A ƙarƙashinsa suka fitar da One Chord to Another a 1996, ya kuma karɓu a ƙasarsu. A 2014 sun fitar da kundi mai suna Commonwealth da aka kasa shi kashi huɗu, kowane mutum da nasa ɓangaren. Fiye da shekara 30 ke nan, mutum huɗun nan dai su ne, ba a canza ko ɗaya ba. Kada ku ɗauka ba sa saɓani. Mutum huɗu masu ji da fasaharsu ba za su rasa ƙorafi ba. Sai dai babban abin da ke hura wutar hassada an kashe shi tun farko: in waƙar ɗan'uwanka ta yi tashe, aljihunka ma ya ji, don haka babu dalilin da zai sa ka yi mata ƙafar ungulu don taka ta fito.

Gaskiya ne su suna da gatan da ba ku da shi. Tun 1971 dokar Kanada ta tilasta wa gidajen rediyo su ware wani kaso na waƙoƙin da suke sawa ga 'yan ƙasa, kuma yanzu kason ya kai 35 cikin 100 a yawancin tashoshin kasuwanci. Suna kuma da gidauniyar FACTOR, wadda aka kafa a 1982, mai tallafa wa mawaƙa da kuɗin ɗaukar waƙa da na yawon wasa. Ku kuwa sai kun bi mai gabatar da shiri a Globe FM ko Albarka Radio da lallami kafin a ji ku. Amma yarjejeniyar rabo ba gwamnati ce ta ba su ba, kuma ba ta ci musu ko kwabo ba.

Ban kuma ce lallai sai kun raba daidai ba. Akwai ƙungiyar da mutum ɗaya ke rubutu, ya yi kiɗa, ya biya kuɗin situdiyo, sauran su zo ranar ɗaukar bidiyo da sababbin takalma. A nan rabon daidai zalunci ne. Ku auna aikinku ku tsayar da abin da ya dace da ku. Ni dai a ra'ayina, in gudummawar ta kusa zuwa ɗaya, rabon daidai ya fi ɗorewa, domin lissafin wa ya kawo layi nawa ba ya ƙarewa, kuma daga shi ake fara ƙirga alheri.

Abin da za ku rubuta ba shi da yawa, amma ku fahimci wannan tukuna, don a nan aka fi yin asara. A cikin kowace waƙa akwai dukiya iri biyu. Akwai ita waƙar kanta, wato kalmominta da karinta, wadda ta waɗanda suka tsara ta ce. Akwai kuma sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda a al'ada yake zama na wanda ya ɗauki nauyin ɗaukarsa, sai in an yi wata yarjejeniya dabam. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bambance su. Ma'ana, in wani mai kuɗi ya ce zai biya muku situdiyo da bidiyo “don Allah”, ku gode masa, sannan ku tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, kyauta ce, ko bashi, ko saye? Amsar ta shiga takarda. Haka mai kiɗan da ba ɗan ƙungiya ba ne: kuɗin zaman da kuka ba shi ya sallame shi ke nan, ko yana da kaso in waƙar ta kawo wani abu gaba? Duk wanda kuka zaɓa daidai ne, muddin ya sani kun sani.

Sai maganar da matasa suka fi rainawa, ita ce kuma ta fi cin mutane yanzu: a hannun wa makullin yake? Tashar YouTube da kuka buɗe, da adireshin imel ɗin wa aka buɗe ta? Lambar wayar wa ke karɓar saƙon tabbatarwa? Asusun bankin wa aka liƙa wa Audiomack da Boomplay da kamfanin da ke raba muku waƙa zuwa Spotify? Da farko ba wanda ya damu, don babu komai a ciki. Amma YouTube na fara raba kuɗin talla da tashar da ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Ranar da kuka tsallake wannan, wanda ke riƙe da kalmar sirri ya zama mai gida, sauran kun koma 'yan haya. Ba sai ya kasance mugu ba. Ya isa a ce ya yi fushi, ko ya tafi bautar ƙasa wata jiha, ko an sace wayarsa. Ku buɗe imel na ƙungiya, aƙalla mutum biyu su san makullin. In hali ya yi, ku yi wa sunanku rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe asusun banki da ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Ku kuma faɗa tun yanzu: in ɗaya ya fita, sunan ƙungiyar na wa ne?

Batun fita ku yi shi da sanyin rai, domin fita ba cin amana ba ce. Wani zai samu aiki a Abuja, wani zai ga ya fi son ya gwada shi kaɗai. 'Yan YNS na Kaduna, su DJ AB da Feezy, sun nuna ana iya tashi a ƙarƙashin tuta ɗaya kowa kuma ya riƙa fitar da nasa. Abin da ya kamata a tsayar shi ne wanda ya tafi yana nan da kasonsa a waƙoƙin da aka yi da shi, ba shi da komai a waɗanda aka yi bayansa. A nan ina jan kunnenku musamman kan 'yan'uwanku mata. Sau da yawa muryar mace ce ke ɗaga waƙar soyayya, amma sai a sallame ta da kuɗin mota, a manta da sunanta a jikin bidiyo. In ta yi aure ta bar harkar, sai a ɗauka haƙƙinta ya bi ta ɗaki ya narke. Bai narke ba. In an yi da ita a kan kaso, ku riƙa aika mata abinta ko da mijinta ne zai karɓa mata.

Liƙi ma a yi maganarsa. A wurin biki mai rera waƙa ake manna wa kuɗi a goshi, don shi ke gaba, mai fiyano yana can kusurwa kusa da janareta. A tsayar da wanda zai tsince, a ƙirga a gaban kowa a daren, a fitar da kuɗin mota da na hayar kayan sauti, a ware wani abu a asusun ƙungiya, sannan a raba. Kada a ce sai gobe. Waƙar siyasa kuwa ku yanke hukunci a kanta tun kakar zaɓe ba ta zo ba. A nan kuɗi ya fi yawa, a nan kuma aka fi zubar da mutunci, kuma a gari irin Bauchi, inda ƙungiya ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista, Bajari da Basayi da Bafulatani da Bahaushe, ba lallai ne duk ku so ɗan takara ɗaya ba. Ko ku ce ba a yi da sunan ƙungiya, ko ku ce sai kowa ya yarda.

Na san abin da zai hana ku: kunya. Za ku ce yaya za a yi in kawo wa abokina takarda kamar ban yarda da shi ba? Ku Musulmin cikinku kun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ga muminai aka saukar da ita, ba ga mayaudara ba. Mutum yakan manta, yakan mutu, magada kuma ba su san abin da aka faɗa a bakin shagon mai shayi ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ku zama ƙungiya da gaske, ba a hoto kawai ba. A Yamai akwai Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000. Mutumin nan ma'aikacin kotu ne da rana, makaɗin jita da dare. Ƙungiyarsa ta haɗa Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, suna wasa kusan kowane dare na sa'o'i masu yawa, suna da mutane da yawa har sukan kasu biyu su yi wasa a wuri biyu, suna kuma sayar da faifansu da kansu a kan titunan birnin. Sai da suka yi shekara fiye da goma a haka kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da kundinsu Kaani a 2013, duniya ta san da su. Ku lura da abu biyu: jagoran bai ajiye aikinsa ba, kuma hannunsu ya faɗa da wasa a gaban jama'a ne, ba a gaban kwamfuta ba. Ku ma kada wanda ya bar karatu ko shago saboda waƙa ɗaya ta zaga gari. Kuma jiharku ba ta rasa masu hannu ba. Ta fitar da su B.O.C Madaki da ClassiQ a fagen gambarar zamani, coci-cocin Yelwa cike suke da matasan da suka iya jita da ganga, ga tsofaffin makaɗan kalangu da na goge da ba wanda ke neman su sai ranar biki. Ku je ku gaishe su, ku zauna ku koya, in kun sa su a waƙa ku rubuta sunansu ku biya su.

Don haka, ƙannena, kafin zamanku na gaba a situdiyo, ku haɗu a gidan ɗayanku. Ku kira wani babba da kuke jin nauyinsa duka, yaya ko kawu ko malami, ya zama shaida. Ku rubuta kason kowa a waƙa, da rabon kuɗin wasa, da mai riƙe da makullin tasha, da makomar suna in an rabu. Da Hausa ma ya isa, shafi ɗaya ya wadatar. Kowa ya sa hannu da kwanan wata, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa, in harka ta girma ku kai wa lauya ya gyara muku.